Tokar Habila

Shekara goma sha ɗaya yana Turai,
sai ga shi ya dawo cikin tulu,
tulun da bai kai ƙwaryar fura ba.
A filin jirgi ɗan kwastan ya jijjiga,
ya ce, mene ne a ciki?
Na ce, yayana ne.

Inna ta ƙi taɓawa.
Ta ce, wa ya yi masa wanka? Wa ya rufe masa ido?
Na haifi mutum dogo, mai sunkuyawa a ƙofar ɗaki,
ku kawo mini abin goge gindin tukunya?

Wanda ya rako tulun yana tsaye a bakin zaure,
Bature, siriri, wuyansa ya yi ja da ranar Sabon Gari.
Tomas, in ji shi.
Hausarsa kalma uku ce, duka daga bakin Habila.
Matan zumunta suka ce abokinsa ne,
suka ja kalmar kamar danƙo,
suka dubi juna.

Da yamma Fada Filibus ya zo a kan babur.
Inna ta ce, Fada, wanda aka ƙona zai tashi?
Ya ce, Mama Tabita, binne jiki Ikilisiya ta fi so,
amma ba ta rufe ƙofa ga toka ba.
Wanda ya ƙera mu daga turɓaya,
toka ce za ta gagare shi?
Sai dai ba a watsa ta a ruwan Tiga,
ba a ajiye ta gefen talabijin,
ba a raba ta kamar gishiri.
Jiki ɗaya aka yi wa baftisma,
kabari ɗaya zai kwanta.

Na fassara wa Tomas.
Ya zo da wani ɗan kwalba a aljihu,
cokali ɗaya kawai yake so.
Ya mayar da shi, bai ce komai ba.

Katikis ya ja Fada gefe, amma kunnena na nan.
Ya ce, kowa ya san zaman da suka yi, a yi masa Misa?
Fada ya ce, koyarwa na nan yadda take,
ba ta kira wannan zama aure ba, ni ma ban kira ba.
Ita ce kuma ta hana mu wulaƙanta mutum.
Kana wurin lokacin da ya ja numfashin ƙarshe?
Misar matattu roƙon jinƙai ce,
ba takardar yabo ba.

Ranar Asabar aka ɗora tulun gaban bagade,
kusa da babban kyandir.
Turare ya zagaye shi sau uku.
Wuta ta ɗauke, muka rera a zufa.

A makabarta mai haƙa ya yi ta sosa ƙeya,
bai taɓa tona rami kamu biyu ba,
bai san nawa zai caje mu ba.

Inna ta karɓi tulun a ƙarshe.
Ta rungume shi a ƙirji kamar ranar suna.
Ta ce, bai yi nauyi ba.
Ta zuba ƙasarta, ta sake dumbuzo wata,
ta waiga bayan taro
inda Tomas ya raɓe jikin darbejiya.
Ba ta yi murmushi ba.
Ta ce mini, gaya masa ya buɗe hannu.