Mace Biyu a Takarda

Rediyon motar Marlys Tervo ya ce
ma'aikatan hidima a Minnesota,
in an tara an raba,
awa talatin da 'yan kai suke yi a mako.
Ta ja tsaki,
tana kankare ƙanƙarar gilashi da katin banki.

Asuba, zannuwan gadon otal a bakin tafkin Duluth:
ashirin da shida.
Yamma, kofi da soyayyen ƙwai ga direbobin tirela:
ashirin da tara.

A littafin masu ƙidaya
ita mata biyu ce, kowacce da lokacin hutawa.
Amma ƙafafu biyu kacal
ake tsomawa a ruwan gishiri mai ɗumi
sha ɗayan dare,
ɗiyarta ta yi barci tuni,
fensir a hannu.