Marsandi a Buzaye

Daga Arkilla na fito da hantsi,
rana ta fara gasa kwalta.
Na ja sanda, na taka mai,
inji ya yi ruri kamar raƙumi a kasuwar Kara,
allura ta kafe a kan ashirin,
'yan kabu-kabu na wuce ni suna dariya.

Shekara talatin da ɗaya muna tare.
Na saye ta ina ma'aji a kamfanin siminti.
Ita ta kai Kulu asibiti daren haihuwar Gidado,
ita ta bi motar da ta kai Kulu makwancinta bara.
Yau ta maƙale a lamba ɗaya,
ta ƙi biyu, ta ƙi uku,
baya kaɗai take yi lafiya.

A majalisa kowa likita ne.
"Giya ta mutu, nemi 'yar Kwatano."
"Kira 'yan gwangwan su auna ta a kilo."
Na kurɓe shayina ban tanka ba,
na lallaɓa da ita Buzaye, ina raɓe gefen hanya.

Labbo na gindin dogon yaro
yana goge hannu da tsumma.
Bai ɗauki sifana ba, tambaya ya fara:
"Mi ta ka yi? Yaushe tah hwara?
Da sanyi, ko sai ta ɗau zahi?"
Sai ka ce ɗana na kawo masa jinya.

Inji na aiki ya zaro ƙarfen awo,
ya shafa a farar takarda,
ya ɗaga wa rana, ya kai hanci.
"Da ya yi baƙi yana ƙauri, da sai haƙuri, Alhaji,
hwarantan ciki sun ƙone.
Wanga ja na kamar soɓorodo, kuma cike yake.
Mutum ka ɓoye ciwo, mai ba ya ƙarya."

Boyi ya shige ƙasa da kwali,
ya kwance kasko, ya fito da maganaɗisu.
Labbo ya murza abin da ya manne masa:
"Kwalli na, ba tsakuwa ba."
Aka wanke rariya, aka mayar, aka cika mai.
Muka hau har shatale-talen Dandima,
shi ya karkata kunne, ni ina gumi.
Ta yi ruri. Ta ƙi.
Muka dawo ina jin kunya.

Ya bi tiyon iska taku-taku, babu tsaga.
Ya ja waya, tana dawowa.
Ya tsaya har ladan ya kira Azahar.
Da muka sallame ya ce in buɗe ƙofar direba,
ya durƙusa, ya ɗage darduma,
ya cusa hannu ƙarƙashin abin taka mai.
Akwai wani maɓalli can, ashe,
mai gaya wa giya: ana sauri, kada ki hau.
A danne yake, dare da rana.
Ya sa tsinke ya ƙwaƙulo abin da ya tokare shi,
ya aza mini a tafi:
ƙwallon magarya.

Tumba ce.
Ran Juma'a ta zauna a cinyata tana juya sitiyari,
kumatu cike, tana cewa za ta kai ni Makka.

Na ce nawa? Ya ce kuɗin mai,
da abin da Boyi zai ci tsire,
sauran na Tumba ne, ita ta koya masa karatu.

Titin Wamakko da la'asar.
Na taka a hankali, ina sauraro.
Biyu.
Wani ɗan numfashi. Uku.
Huɗu ta shiga kamar ƙafa a tsohon takalmi.
Na juya in ce, Kulu, kin ji?
Kujera ce kawai, da rana a kanta.
Na taɓa ƙwallon a aljihun gaba,
ban rage gudu ba,
muka ci gaba da tafiya.