Ƙaguwa a Bayan Takarda

A Atzompa kowa ya san korenmu.
Kakata Herlinda ta bar wa uwata,
uwata ta bar mini,
da yatsuna nake dama garin greta
in shafe tukwane kafin su shiga wuta.
In sun fito, sai ka ce ganyen masara bayan ruwa.
Baƙi daga birnin Oaxaca su ɗaga su a rana,
su taya, mu ƙi, su ƙara.

A cikinsu muke dafa wake.
A cikinsu nake jiƙa tumatir da barkono da lemun tsami,
in bar shi ya kwana don ɗanɗano ya zauna.
Ashe tsami ɓarawo ne mai haƙuri,
yana lasar dalma daga bangon tukunya
yana zuba mana a miya.

Eleazar, shekara uku da wata biyar.
Da ya iya kiran jakinmu da sunansa,
ya iya cewa a ƙara masa.
Sai kalmomin suka fara zubewa ɗaya-ɗaya
kamar haƙoran tsoho.
Ciki ya ɗaure.
Ya riƙa dafe cibiya yana kuka har asuba,
leɓensa kamar ya lashi toka.
Na ce tsutsar ciki ce.
Surukata ta ce kambun baka,
ta goga masa ɗanyen ƙwai daga kai har ƙafa.
Na kunna kyandir biyu a coci.

Likita Obdulia ta ɗebi jini kaɗan a 'yar kwalba.
Kwana huɗu, ta turo mini takarda a kan tebur:
hamsin da takwas.
Ta ce, "Mece ce sana'arki?"
Na miƙa hannuna.
Garin na nan maƙale a ƙarƙashin farce.
Ba ta yi faɗa ba.
Da ma ta yi.

Ta juya takardar, ta zana ƙaguwa.
"Haka maganin yake, hannu biyu gare shi.
In ya shiga jini ya cafke dalma, ba ya saki,
ƙoda ta koro su tare, su fita a fitsari."
Ban taɓa ganin teku ba,
amma na yarda da ƙaguwar nan.

Kwana goma sha tara.
In buɗe ƙwayar, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika ɗaki,
in cuɗa a ayaba, ya tofar, in sake cuɗawa,
babansa Fortino ya riƙe masa hannu yana kukan jaki
don a samu bakin ya buɗe.
Kowace safiya nakan leƙa fo ɗinsa
ina neman kore.
Babu komai, fitsari ne kawai.
Abin da ya shiga ba sallama
haka ya fita.

Ashirin da uku.
Muka yanka kaza.
Bayan wata guda, talatin da ɗaya.
Na ce, "Ai na daina, wallahi na daina."
Ta ce, "Na sani. Ƙashi rumbu ne.
Abin da ya ɓoye, a hankali yake fitarwa."
Na ce, "To kalmominsa fa?"
Ta daɗe tana gyara biro a aljihu.
"Magani ya san hanyar dalma.
Bai san inda kalma ta bi ba.
Ki yi ta yi masa magana."

Tukwane arba'in da biyu muka fasa a bayan murhu.
Ta Herlinda ce kaɗai na kasa.
Na huda gindinta, na zuba ƙasa, na dasa fure,
na ɗora ta inda hannunsa ba ya kai.

Sabon shafen ba dalma a ciki.
Korensa kamar ya sha wanki.
Baƙi su ɗaga, su ajiye, su wuce rumfar gaba.

Jiya ina murza yumɓu,
ina ta surutu kamar rediyo,
wannan ruwa ne, wannan wuta, wancan Canelo,
jakin ya leƙo ta katanga.
Eleazar ya nuna shi da yatsa,
ya ce, "Nelo."

Rabin suna.
Ban ɗago ba, kada ya tsorata ya mayar.
Na ci gaba da murzawa
har bakin tukunyar ya karkace.