Gawayin Kwana Tara

Da kwanon sha na auna shi, ban yarda da ido ba:
biyu da magariba, ɗaya da asuba.
Kowane dare na ƙulle shi a ledarsa,
leda tara, na jera su bayan randa
kamar mai tara kuɗin adashi.

Na zaunar da Nafi'u, ɗan yayata.
A tsakar gida za ka hura,
sai hayaƙi ya mutu, garwashi ya yi ja,
sannan kasko ya shiga ɗakin Baba.
Nesa da labule. Nesa da bargo.
Taga kuwa, ko ya yi faɗa, ko ya rantse,
ka bar mata yatsa huɗu.
In ya fara gyangyaɗi, fito da wutar waje.
Ya ce to, idonsa na kan waya.
Na sa ya maimaita, ya tsallake taga.
Sai na ɗauki gawayi ɗaya
na rubuta ta a bango, daidai tsayinsa.

Hitar da na sayo bara a Sabon Gari
tana ƙarƙashin gado, gizo ya yi mata riga.
Wutar Gwammaja sai an yi barci take zuwa,
ta koma kafin a ce ga ta.
Baba ma ya ce abin ba shi da fuska,
ba ya ƙamshi, ba ya gasa dankali.

Lokoja zafi.
Gumi na bin wuyana a ajin ungozoma,
malama na zana kwanciyar jariri a allo,
ni ina can wajen gwiwar Baba,
wadda kan ji ɗari tun yana Daura
bai ƙaraso Kano ba.

Dare na uku na kira.
Ka buɗe? Na buɗe. Ba ni Baba.
Sai na ji tari, ba irin nasa ba,
da cokali yana zagaya kofi,
da wata dariya mai fita ta giɓi.
Su wa ke nan?
Ba kowa, in ji shi, Tanimu ne,
kin san Tanimu ai ba kowa ba ne.

Dare na biyar saƙo ya shigo:
Anti, leda ta ƙare.
Na ƙirga da yatsu, na sake ƙirgawa,
tara ta ƙi zama biyar.
Na tura kuɗi ta waya,
na kwana ina faɗa da fanka.

Ran Talata bayan isha'i na sauka,
iska na yanka kunne tun daga Ƙofar Mazugal.
A bakin ɗaki takalma ƙafa huɗu
da wari ɗaya,
na Ɗanjummai, wanda suga ta ci wa ƙafa.
Ga maigadin kantin kwana da hular sanyi biyu,
ga tela Barau, da matarsa ta rasu da damina
bai sake hura wuta a gidansa ba.
Sun yi wa kaskona zobe,
tafin hannu goma a buɗe
kamar masu shafa addu'ar da ba ta ƙarewa.

Na dubi taga.
Tanimu ne zaune ƙarƙashinta, lulluɓe da bargo,
ya tokare ta da tsohuwar rediyon Baba.
Ni aka ba wa ita, in ji shi,
yatsa huɗu kika ce, da nawa na auna.
Yatsun makanike ne. Har wata ake gani.

Tun daga Kaduna nake wasa harshena,
jimla bayan jimla, har da kuɗin buhu.
Baba ya matsa, ya ɓare dankali biyu,
ya miƙo mini babban.
Zauna, Ramatu, hannunki kamar ƙanƙara.

Na ajiye jaka.
Faɗan ya kai gobe.