Hancin Aro

A Setubal, hawa na uku, bayan kasuwar kifi,
mahaifina Gaspar yana da wani kabad
da ba ya buɗewa sai rana ta bar taga.
Ya ce haske ɓarawo ne,
zafi ƙaninsa,
iska kuwa ita ke karɓar kayan satar.

Shekara arba'in yana zuƙar taba a tashar jiragen ruwa
har tari ya zama sallamarsa.
Ranar da likita ta ɗaga hoton ƙirjinsa ga fitila
ya dawo da sigarin lantarki,
da sikeli kamar tafin jariri,
da sirinji uku marasa allura,
da 'yan kwalabe masu duhun gilashi,
kowace da ruhin wani abu a ciki:
lemun tsami, kirfa, na'ana'a, gahawa,
kwakwa da bai taɓa so ba
amma an yi masa rangwame.

Ɗigo yake ƙirgawa, leɓensa na motsi.
Bakwai. Takwas. Kar ki yi magana, Idalina.
Ya girgiza, ya rufe, ya rubuta kwanan wata
a kan farar takardar manne,
ya tura can ƙurya ya tsumu,
ya ce gaggawa ba ta haɗa komai sai ƙauri.

Hunturun bara mura ta kwantar da shi.
Ta tashi, ta tafi da hancinsa.
Yanzu kifin gashi da sabulu duk ɗaya ne wurinsa.
Shi ya sa ran Lahadi, bayan abinci,
yake jera kwalaben a kan jarida
ya turo mini ɗaya bayan ɗaya
kamar mai gabatar da 'ya'yansa ga baƙo.

Lemun tsami ne ya fara tafiya.
Na sunsuna, na sake sunsunawa:
ba komai sai ɗan warin murfi.
Wata goma sha huɗu, in ji takardar.
Ya ce, dama masu kaifi ba sa daɗewa,
ya ja layi a littafinsa.
Na'ana'a tana nan da taurin kanta,
ta ɗaure ƙanƙara a gindi,
ya ce a dumama ta a tafin hannu, za ta huce.
Kirfa ta cinye robar da aka zuba ta,
gahawa ta yi kauri, ta yi baƙi,
tana warin tsohon aljihu.
Kwakwar nan, ko gezau.

Sai ta ƙarshe, wadda takardarta ta koɗe.
Banila da ƙwai da ƙonannen sukari.
Ya haɗa ta ne shekarar da uwata ta rasu,
wata uku yana ƙari yana ragi
don ya kamo ƙamshin abin da take gasawa ran Asabar.
Bai ce ya kamo ba.
Ya dai daina ƙari.

Na cire murfin.
Ruwan ya koma kalar tsatsa.
Na kai hanci, na jira,
jirgin ruwa ya yi kuka a mashigi,
maƙwabciya tana kakkaɓe darduma,
shi kuma idonsa a kan fuskata
kamar yadda yake kallon lambobin sikeli.

Babu ita a ciki.
Ɗan zaƙi ne kawai, da ƙura.

Tana nan? ya ce.
Na ce, ta yi rauni, Baba.
Ya ce, ban tambaye ki ƙarfinta ba.

Ya karɓa, ya murɗa murfin har ya yi ƙara,
bai ja layi ba.
Ya mayar da ita ƙurya, bayan kwakwa,
ya ce in sauke labulen,
rana ta kusa zagayowa.