Taurari Biyu da Rabi

Wata bakwai muka yi a bayan garejin Moddibo,
a Garwa, ɗaki guda, babu taga,
bango mun liƙe shi da kwalin ƙwai da tsohuwar katifa.
Barkindo a kan jita, Tabita ta rungume bas,
Dairu na rerawa da muryar wanda ƙayar kifi ta maƙale wa,
ni kuwa ganguna.
Zafin Maris ya sa gumi ya cika mini tafi,
sanda ta suɓuce a tsakiyar waƙa ta huɗu.
Muka bar ta haka.
Kuɗin sake ɗauka sun ƙare a tankin janareta.

Ba kamfani, ba ubangida.
Tabita ta sayar da keken ɗinkinta,
Barkindo ya jinginar da babur, ya koma sayyada.
Waƙa goma sha ɗaya, muka sa wa faifan suna Tsatsa,
muka sake shi ranar Talata
kamar mai sakin kwale-kwale ba matuƙi.

Hukuncin farko daga Yawunde ya taso, da Faransanci.
Tabita ce ta fassara mana a gindin dalbejiya,
tana tsallake wasu layuka saboda Dairu.
Wai yaran arewa sun ari rigar da ta fi wuyansu.
Wai ina garaya, ina ƙwarya,
me ya haɗa ɗan bakin Binuwai da kukan ƙarfe?
Taurari biyu da rabi.
Biyun ban damu da su ba,
rabin ne ya hana ni barci.
Wa ya yanka tauraro? Da wace wuƙa?
Ɗaya ɓarin yana aljihun wa?

Na biyu daga ƙetaren teku,
wani da bai taɓa kurɓar ruwanmu ba.
Ya ce a ƙarƙashin waƙa ta shida
ya ji gurnanin hamada, tsoho, mai zurfi.
Janaretan Moddibo ne, bawan Allah,
wanda sai an daka masa ƙafa yake tashi.
Mu da dorina ke yi mana hamma a kogi,
ina muka ga hamada?
Taurari huɗu.
Barkindo ya yi dariya har ya zauna a ƙasa,
washegari kuma na gan shi a shagon buga takarda
yana neman a sa masa ita a leda.

A rediyon gari an ba mu rabin minti.
Mai gabatarwa ya ce, jama'a, walda ake yi ko waƙa?
Ya wuce zuwa farashin auduga.

Inna ta saurara da kunne ɗaya, tana tsince shinkafa.
Da ya ƙare ta ce, kai ne mai dukan nan?
Na ce ni ne.
Ta daɗe tana juya faranti.
Ashe haka kake da fushi, in ji ta,
shekara ashirin da shida kana cin tuwona ban sani ba.

Dairu ya daina ɗaga waya.
An ce yana koyar da lissafi a Gidar.

Jiya da la'asar na hau acaba zuwa gada.
Yaron na da ƙaramar sifika ɗaure da roba a kan kai,
rabinta a fashe, tana tari,
kuma mu ne a ciki.
Yana tuƙi da hannu ɗaya,
ɗayan yana kiɗa a kan tanki, bai kuskure ko bugu guda ba.
Da aka zo inda sandata ta faɗi
sai ya ɗaga hannu sama, ya jira,
ya dawo daidai inda na dawo.
Ya waiwayo ya ce, nan wurin ne ke kashe ni, malam.

Ban ce masa komai ba.
Na miƙa sefa ɗari biyu,
ya ce ɗari uku ne, mai ya yi tsada.