Ƙararrawa Biyu

Sha ɗaya na dare a Gdansk.
Na tuɓe takalmi, ƙafa na zogi,
awa tara ina jan taragon lantarki
daga Stogi zuwa Jelitkowo, in juyo, in koma.
Yara sun yi barci. Miyar kabeji ta huce a tukunya.

Takarda biyu na shimfiɗa a teburi.
Ɗaya ta wurin aiki: ranakuna da awoyi,
baƙin tawada wanda ba ya jin roƙo.
Ɗaya ta 'yan sikawut, da sa hannun Bogumila shugabarsu:
"Iyaye, a zaɓa wa yara kafin Juma'a."
Juma'ar kuwa gobe ce.

Tuƙin kwale-kwale a kogin Motlawa, Asabar da safe.
Asabar tun biyar ina kan layi.
Kwana uku a dajin Kaszuby, kafa tanti, hura wuta,
zuloti ɗari huɗu kowane kai,
ga takalmin Jagoda ya wage baki
yana jiran nasa rabon.
Karatun taswira, Laraba ƙarfe huɗu:
wa zai kai? Wa zai ɗauko?
Kakarsu na Elblag, gwiwa ta kafe ta a kujera.
Ubansu na tsakiyar teku a jirgin dakon kaya,
muryarsa kan zo ran Lahadi, guntu-guntu.

An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.
Nawa ɗayan ma yana kan birki.

Na ɗauki biro kamar mai yankan hukunci,
ina soke abin da ba zan iya ba.
Sai na ga ba yara nake zaɓa wa ba,
gajiyata nake yi wa shimfiɗa.
Jagoda da ke kwana da tocila ƙarƙashin filo
tana koya wa kanta rashin tsoron duhu saboda dajin nan.
Ludwik da ya cika bahon wanka da jiragen takarda
har maƙwabcinmu na ƙasa ya hauro da ƙorafi.

Can ƙasan takardar, inda ban duba ba,
wani ya riga ni.
Ɗan da'ira da fensir, a karkace:
Ƙulle-ƙullen igiya, Talata, shida zuwa bakwai.
Igiya? Ludwik?
Yaron da igiyar takalminsa ke jan ƙasa tun daga gida?

Gefen da'irar, rubutu ƙanana kamar tururuwa:
"Tagar ɗakin na kallon layin dogo.
Mai lamba takwas na wucewa bakwai saura kwata."

Na ajiye biro.
Firiji na ta gurnaninsa.
Ruwan sama ya soma ƙwanƙwasa gilashi,
ni kuwa na zauna, na rasa inda zan sa idona.

Sha biyu saura na kira Wieslawa,
na san ba ta barci da wuri.
"Karɓar mini Asabar biyu a wata,
in karɓar miki daren Kirsimeti da na sabuwar shekara."
Ta yi dariya har da tari. "Ke da kanki kika faɗa."

Kwale-kwale: na sa alama.
Daji: na sa alama, hannu na ɗan rawa,
tsohuwar rigar sanyina ta ƙara shekara, ba za ta mutu ba.
Taswira: a yi haƙuri, sai baɗi.
Da'irar fensir kuwa ban taɓa ta ba,
na dai bi ta da biro don kada ta goge.

Ran Talata, bakwai saura kwata,
fasinjoji cike, kowa fuska a waya.
Dokar aiki ta ce ƙararrawa ta gargaɗi ce kawai.
Babu kowa a kan layi.
Na buga ɗaya. Na ƙara.

A tagar bene, wani ɗan hannu ya ɗago igiya,
ƙullin duk a cukurkuɗe,
ko sunansa ban sani ba.
Fitila ta ba ni kore, na wuce.